Wane ne William Nast, kuma yaya aka yi ya zama fasto?

Malam, ka tambaya yadda Bajamushen da ya bar gida cikin shakkar addini ya zama uban cocin Metodis na Jamusawan Amurka.

An haifi William Nast, wanda sunansa na Jamusanci Wilhelm ne, a birnin Stuttgart na Jamus a 1807. Ya karanci tauhidin Kirista a jami'ar Tübingen, amma karatun ya girgiza imaninsa, sai ya ajiye shi, ya tafi Amurka a 1828. Ya koyar da Jamusanci a makarantar soja ta West Point. A 1835 ne zuciyarsa ta natsu a hannun 'yan Metodis, shekarar nan kuma aka tura shi birnin Cincinnati ya yi wa 'yan ƙasarsa wa'azi.

Farkon bai yi daɗi ba, mutane ƙalilan suka saurare shi. A ganina alƙalaminsa ya fi bakinsa aiki: jaridar Der Christliche Apologete da ya fara a 1839, ya riƙe ta fiye da shekara 50. Ya rasu a 1899.

Ka kula kada ka haɗa shi da Thomas Nast mai zanen barkwanci. In bincike za ka yi, nemi ma'ajiyar tarihin Metodis ta Jami'ar Drew a Amurka, ka kuma samo wanda ya iya karanta tsohon rubutun Jamusanci.