Baƙin mai a jikin ƙarfen gini

Tambaya: Injiniya, ina gini a Garin Malam, nan Damagaram. Dal ɗin gidan yayana, wato rufin beto, ko shekara goma bai yi ba, ya fara zubo ɓaraguzai, ƙarfe ya fito ja wur. Hankalina ya tashi. Magini ya ce a shafe ƙarafana da baƙin mai, wani kuma ya ce in sayi maganin tsatsa na zubawa cikin beto. Wanne zan bi?

Amsa: Alhaji, tsoronka na bisa hanya. Tsatsa takan kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci sau biyu har zuwa shida, shi ya sa take fasa beto daga ciki.

Maganin tsatsa na zubawa cikin beto gaskiya ne, yana aiki. Wanda aka fi sani shi ne calcium nitrite, ana zuba lita 10 zuwa 30 a kowace mita kubik, gwargwadon gishirin da ake tsoron zai kawo tsatsa. Sai dai yana sa beto saurin kamawa, a zafinmu na watan Afrilu kuwa sai an haɗa shi da mai jinkirta kamun. In aka yi masa rowa, tsatsar na iya taruwa wuri guda ta huda ƙarfen. Kada ka sayi jarkar da ba takarda.

Amma baƙin mai, don Allah a'a! Kullum sai na tarar da wannan a wurin aiki: yaro riƙe da tsumma da galan ɗin man da aka juye daga mota, yana goge ƙarafa har suna sheƙi, maigida na tsaye yana jin daɗi. Wa ya koya mana haka? Ƙarfin dal duka yana ga yadda beto ya damƙi ƙarfe, zanen nan na jikinsa ma don haka aka yi shi. To mai fa shi ne muke shafa wa katakon zubi don kada beto ya manne masa. Abin da ke raba beto da katako, shi za ka sa tsakaninsa da ƙarfe? Kuma siminti da kansa ke kare ƙarfe, muddin ya taɓa shi: kaifin sinadarinsa yana yi masa wata siririyar riga. Mai ya shiga tsakani, rigar ba ta samuwa yadda ya kamata. 'Yar jar tsatsar da ba ta ɓamɓaruwa ba ta da illa. Mai ɓawo kuwa a kankare ta da buroshin waya.

Dal ɗin yayanka, ina kyautata zaton ƙarafan kwance suka yi bisa katako. Ka sa a ɗaga naka da 'yan ƙwallayen siminti, santimita 3, na cikin ƙasa 5. Ruwan kwaɓi kada ya wuce lita 25 a buhun siminti, kuma kada a ɗebo shi a rijiya mai zartsi. Na san tsadar ruwa a garin nan, amma ka tanadi na ban ruwa na kwana bakwai tun kafin ranar zubi.