Ga 'yar'uwar da aka cire sunanta daga zanenta

'Yar'uwa, kin ce ke da abokin aikinki kuka zana littafin yara amma sunansa kaɗai ke yawo, kina tambaya ko ki haƙura ko ki ajiye alƙalami. Wallahi ina karantawa sai na ji kamar ni na rubuta.

Ni wani mai maɗaba'a ne ya yi min. Littafin 'yan firamare na zana masa, wani daren da fitilar waya nake aiki saboda an ɗauke wuta, yatsana har ya yi kanta. Ranar da littafin ya fito na duba bangon gaba, na juya baya, na bi har ƙasan shafin ƙarshe. Babu sunana ko'ina. Da na yi magana sai ya ce ai an biya ni, kuma wai matar aure me za ta yi da suna a bango? Yana faɗa yana danne-dannen waya, ko kallona bai yi ba. Cikon kuɗina ma sai da na yi ta sintiri. Har yau in na ga littafin a hannun yaro sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah.

Ki nemi aikin Iela Mari, 'yar Italiya, haifaffiyar Milan a 1931. A makarantar zane ta Brera ta haɗu da Enzo Mari, suka yi aure, suka yi littattafan yara tare. Shi ya zama gagarabadau a ƙirar kayan gida, ita kuwa mutane da yawa ba su san ta ba sai a matsayin matarsa. Bayan sun rabu ba ta tsaya ba. A 1967 ta fitar da littafinta ita kaɗai, babu kalma ko ɗaya ciki: yaro ya hura cingam ja, ya zama balan-balan, ya zama tuffa, malam-buɗe-littafi, fure, daga ƙarshe laima. Baƙin layi siriri da jan launi kawai. Kuma mace ce ta buga mata, Rosellina Archinto, mai kamfanin Emme Edizioni. Wannan ki riƙe shi: ki nemi mai bugawar da ke ganin darajar zane. Iela ta rasu a 2014, har yanzu ana sake buga littattafan a Italiya da Faransa da sunanta.

Don Allah kada ki daina. Amma ki riƙa sa hannu a cikin zanen, ba a gefen da za a yanke ba. Kada ki sake tura cikakken zane ta WhatsApp kafin a biya rabi, kuma ainihin takardun su zauna a wurinki, ni nawa ma mai maɗaba'ar bai dawo min da su ba. Ku rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwanki ne, a sa shaida. Sannan ki yi ɗan littafi naki ke kaɗai, ko shafi goma ne. Shi abokin naki, kin taɓa tunkararsa gaba da gaba, ko a ciki kike ta cin abin?