Gona taka ce, amma ma'adinin da ke ƙarƙashinta fa?

Wani manomi daga jihar Zamfara ya rubuto yana cewa wani kamfani ya zo ƙauyensu da lasisin haƙar ma'adinai daga Abuja, kuma filin da aka shata masa ya haɗa da gonarsa ta gado, alhali shi ma yana riƙe da takardar mallaka daga ƙaramar hukuma. Tambayarsa ita ce, wace takarda ce a gaba?

Malam, takardun biyu duka suna iya zama halastattu, domin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba iko tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi. Akwai al'amuran da Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke yi wa doka, akwai waɗanda tarayya da jihohi suke haɗuwa a kansu, sauran kuma an bar wa jihohi. Ma'adinai suna cikin rukuni na farko, a lamba ta 39, kuma sashe na 44(3) ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko ta wane ne. Ita kuwa ƙasar kanta, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ta amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka a karkara. Saboda haka takardarka ta ba ka noma da zama, ba ta ba ka zinare ba, kuma ko majalisar jiha ta yi doka saɓanin haka, sashe na 4(5) na Kundin Tsarin Mulki zai rushe ta.

Amma wannan bai mayar da kai abin banza a gonarka ba. Dokar Ma'adinai ta 2007, a sashe na 100, ta wajabta a sanar da mai fili tare da neman amincewarsa kafin a bayar da lasisi, in ba haka ba ana iya cire filinsa daga ciki. Don haka abu na farko shi ne ka sa lauya ya rubuta wa ofishin rajistar lasisin ma'adinai da ke Abuja, ya nemi sanin irin lasisin da iyakokinsa da kuma wanda ya sa hannu a takardar amincewa. Wani lokaci sai a tarar cewa wani ne ya sa hannu da sunan jama'a ba da saninsu ba. A kuma tantance ko lasisin bincike ne ko na haƙa, domin mai lasisin bincike ba shi da hurumin buɗe mahaƙa ya riƙa sayarwa.

Idan lasisin ya inganta, dokar ta fifita haƙar ma'adinai a kan noma, gwamna kuma yana iya soke takardarka, amma ba za a raba ka da gona babu diyya ba. Kana da haƙƙin diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, kuma sashe na 116 na Dokar Ma'adinai ya tilasta wa kamfanin da ke da lasisin haƙa ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen yankin kafin ya fara aiki. Ina roƙonku ku nace a sa batun kare rijiyoyi da lafiyar yara a cikinta, domin ba mu manta da gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a jiharku a 2010 ba.

In har ta kai ga shari'a, sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya ƙararrakin ma'adinai, kuma kai irin wannan ƙara wata kotu ɓata lokaci ne da kuɗi. Kafin nan, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba, kada ku tare ma'aikatan da ƙarfi, sannan ka ɗauki hotunan gonar da shukar da ke cikinta tun yau, a gaban mai unguwa da maƙwabtan gona biyu.