Tambaya da Amsa: Wai jini na iya tona duk cutar da mutum ya taɓa yi?

TAMBAYA: Salam Dakta, ni ɗaliba ce daga Daura ina karanta bayoloji. Na ga wani bidiyo a Facebook wai yanzu in an ɗebi jinin mutum kwamfuta za ta duba sojojin jikinsa ta lissafo duk cutar da ya taɓa yi tun yana yaro, don Allah gaskiya ne ko dai zuƙi ta malle ce?

AMSA: Wa alaikis salam ɗiyata. Da ƙamshin gaskiya, amma mai bidiyon ya zuba gishiri da yawa.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai ƙwayoyin T da na B, kowace tana ɗauke da nata makulli da take gane cuta da shi. Jiki yakan yayyanka guntayen DNA ya sake haɗa su iri iri shi ya sa makullan suka kai miliyoyi, gano wannan ne ya ba Susumu Tonegawa ɗan Japan kyautar Nobel a 1987. In cuta ta shigo masu makullin da ya dace sai su hayayyafa, wasu su zauna shekaru bayan an warke.

Karanta makullan yanzu ba wuya, na'ura na yi. Inda gizo ke saƙa shi ne sanin wane makulli ke buɗe wane kwaɗo, don ƙwayar T ba ta ganin cuta kai tsaye sai wani furotin mai suna HLA ya miƙo mata guntunta, kuma HLA ɗinki ba lallai ya zama irin na ƙawarki ba, ga shi makulli ɗaya kan buɗe kwaɗo fiye da ɗaya. A 2017 masana a jami'ar Stanford sun fito da manhajar GLIPH mai tara makullai masu kama da juna, suka gwada ta kan tarin fuka. A 2021 Amurka ta ba gwajin T-Detect, mai karanta makullan ƙwayoyin T a jini, izinin gaggawa, amma fa don duba korona kaɗai aka ba shi.

Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, bayanan da ake koya wa kwamfuta galibi na mura ne da wata ƙwayar cuta mai suna CMV da korona, kuma kan nau'in HLA mai suna HLA-A2 da ya yawaita a jikin Turawa. Alhali tun 1991 bincike a Gambiya ya danganta wani nau'in, HLA-B53, da kariya daga maleriya mai tsanani, kuma a Afirka ta Yamma wannan nau'in ya fi yawa. In kwamfutar ta haɗu da cutar da ba a nuna mata ba yawanci kame kame take yi.

Don haka in wani a Katsina ya ce ki biya kuɗi ya karanto miki tarihin cututtukanki daga jini, riƙe kuɗinki.