Sunan Farfesa a Takardar Neman Kuɗin Bincike: A Saka Ko A Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata jami'a. Mu huɗu za mu nemi kuɗin bincike daga asusun bincike na ƙasa (NRF) na TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun Najeriya, kan gubar aflatoksin da ke kama gyaɗa. Abokan aikina sun ce mu saka sunan wani farfesa don takardar ta yi nauyi, alhali ba zai taɓa aikin ba. Yaya ake rubuta rabon aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan da ba shi da aiki kada ku saka shi. Masu tantancewa malaman jami'a ne irinku, sun san wannan dabarar sarai. Kuma a NRF, bayan taƙaitaccen bayanin farko da cikakkiyar takarda, akan kira jagoran bincike ya kare aikin baki da baki. Ran nan za a tambaye shi me farfesan zai yi, a wane wata.

Ku fara da aikin, sannan ku nemo mutane. Wa zai shiga Kasuwar Dawanau da rumbunan manoma ya ɗebo samfurin gyaɗa? Wa zai tsaya a ɗakin gwaji ya auna gubar? Wa zai zauna da matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli da matse mai ya ji yadda suke ajiya? Wa zai yi lissafin sakamako? Gaban kowane suna ku rubuta aikinsa, watannin da zai yi, da kuɗin da ke kansa a kasafi. Idan kuka rubuta "zai taimaka wajen bincike", ba ku ce komai ba.

Jagora kuwa, shi ke sa hannu, shi ke rubuta rahoto, shi ake bi bashin kowace naira, domin kashi-kashi ake sakin kuɗin, sai an ga rahoto. Ku zaɓi wanda ke da lokaci da gogewa a fannin. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku ma ku ba shi aiki bayyananne. Abin yana min ciwo in ga yaro ya sha rana a gona, a ƙarshe sunansa bai fito a muƙala ba. Tun yanzu ku rubuta yadda sunaye za su jeru.

Farfesan nan, ku je ku same shi da ladabi. In zai duba tsarin gwajin da muƙalu kafin a aika, ku saka shi mai ba da shawara, ku rubuta hakan ƙarara.