Filta ko ƙafa uku: me mai ɗaukar hoton ruwa da duwatsu zai fara saya?

Wani ɗan'uwa mai ɗaukar hoton biki a Ngaundere ta ƙasar Kamaru ya rubuto cewa ya je magangarar ruwa ta Tello da damina, amma hotunansa sun ba shi kunya: a wasu ruwan ya daskare kamar ƙanƙara, a wasu kuma komai ya yi dishi-dishi. Kuɗin da ya tara na abu ɗaya ne, don haka yake tambaya ko filtar ND (gilashi mai duhu da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara) zai saya ko abin ɗora kyamara mai ƙafa uku.

Malam, ka sayi mai ƙafa ukun, kada ka yi wata-wata. Ruwan da kake gani a hotuna yana zuba da laushi kamar nono yana fitowa ne idan kyamara ta bar idonta a buɗe na rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa biyu, kuma babu hannun ɗan Adam da zai riƙe ta tsawon wannan lokaci ba tare da ya girgiza ba. Ita filtar ND aikinta rage haske ne kawai, to me za ta rage maka a lokacin da hasken ya riga ya yi ƙaranci? Idan ka isa wurin da sassafe kafin rana ta leƙo kwarin, ko a ranar da hadari ya rufe sama, ka sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/11, za ka ga sau da yawa kyamarar da kanta ta ba ka jinkirin da kake nema. Kada ka wuce f/16, domin daga nan kaifin hoto yake fara raguwa. Ka kashe na'urar hana girgiza idan kyamara tana kan ƙafafunta, sannan ka saita ta ta jira daƙiƙa biyu bayan ka danna, saboda taɓawar yatsa kaɗai tana iya ɓata aikin.

A Tello akwai abin da ya fi saitin kyamara wahala, wato feshin ruwa, musamman ga wanda ya shiga kogon da ke bayan ruwan. Ɗigo guda a kan gilashi yana zama farin tabo a tsakiyar hoto, kuma ba ka lura da shi a ƙaramin allon kyamara sai ka koma gida. Ka riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu, ka goge kafin kowane hoto, ka kuma taka duwatsun a hankali domin suna da santsi.

Idan Allah ya hore wani kuɗin, filtar CPL, mai kashe ƙyalli, ce ta biyu a ganina, ba ND ba. Ana juya ta da yatsa, sai ka ga ƙyallin da ke kan jiƙaƙƙen dutse da ganye ya gushe, koren ya fito sosai, abin da kwamfuta ba za ta iya yi maka daga baya ba; tana kuma rage rabin hasken ko fiye. ND ta zo ta uku, don aikin rana tsaka, kuma ND64 ta wadatar: hoton da zai ɗauku a 1/125 na daƙiƙa zai koma kusan rabin daƙiƙa. Kafin ka biya, ka duba lambar faɗi da aka rubuta a bakin idon kyamararka, kamar 52, 55 ko 58, domin filta mai wata lamba ba za ta ɗauru ba. Ni kaina na taɓa sayen wata mai araha da ta mayar mini da ruwa launin shuɗi, saboda haka ka gwada ta a ƙofar shago.

Wata baiwar Allah daga Marwa kuma tana son sanin filtar da za ta kawar mata da hazo idan ta je Rumsiki da hunturu.

Hajiya, babu ita, kuma kada wani mai shago ya karɓi kuɗinki a kan haka. Hazon hunturu ƙura ce da ke tsakaninki da duwatsun Kafsiki da ke kewaye da Rumsiki, gilashi ba ya share ta. Idan kina son tsaunukan su fito tangaran, ki je a ƙarshen damina, wajen Oktoba, lokacin da ruwan sama ya wanke iska. Idan kuwa tafiyar ta zama dole da hunturu, ki yi amfani da hazon: dab da magariba ki auna haske a kan sararin sama, duwatsun za su fito baƙaƙe a jere, na nesa yana dusashewa a bayan na kusa. Ki shirya da wuri, domin a yankinmu hasken bayan faɗuwar rana ba ya daɗewa, abin minti ashirin ne ko ɗan fiye. Ki ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ki samu damar gyara wuraren da suka yi duhu, ki kuma guji sauya idon kyamara a fili, saboda ƙurar tana shiga ciki ta zauna.