Shin Hodar Iblis Na Iya Fasa Jijiyar Jini a Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena mai shekara 36, wanda ya daɗe yana shaƙar hodar iblis, ya yi kukan matsanancin ciwon kai sannan ya yanke jiki ya faɗi, yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibiti an ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, amma a gida ana cewa jifa ne, tunda ba a taɓa saninsa da hawan jini ba. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika bayyana sananne ne ga likitoci. Hodar iblis, da 'yar'uwarta methamfetamin wadda matasa ke kira "ice", wato ƙanƙara, suna cilla hawan jini sama cikin mintuna kaɗan, a lokaci guda kuma suna matse jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Jini mai ƙarfi a cikin ƙuntatacciyar hanya dole ya nemi mafita, kuma idan akwai wurin da bangon jijiyar ya yi rauni ya kumbura kamar balan-balan, nan ne yake fashewa. Wani lokacin kuma jijiyar toshewa take yi, sashen da take ciyarwa ya mutu. Rashin saninsa da hawan jini ba hujja ba ne, domin jinin yakan sauka bayan hodar ta sake shi, alhali ɓarnar tana taruwa shekara da shekaru har jijiyoyin ɗan talatin su yi tauri irin na tsoho.

Tiramadol da kodin, waɗanda suka fi yawa a unguwanninmu, ta wata hanyar suke cutarwa: idan aka sha da yawa suna danne numfashi har ƙwaƙwalwa ta rasa iskar oksijin, tiramadol kuma yana jawo farfaɗiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kunya ke sa iyalai ɓoye wa likita gaskiya. Ku faɗa masa abin da ƙanenki ke sha ba tare da ragi ba, domin magani ya dogara da hakan. Kada maganar jifa ta sa ku dakatar da magani da gashin ƙashin da ake masa a asibiti, kuma idan ciwon kan ya dawo, ko bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ku garzaya asibiti nan take, kada a ɗura masa komai a baki. Da zarar ya samu sauƙi, ku kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa domin a taimaka masa ya rabu da hodar, saboda komawa gare ta na iya sake fasa wata jijiyar.